Tagar Jirgin Anbariyya

Sana'ata dabino. Na fara da kwali biyu a bayan keke, yau ina da sito a Awali da shago a Ƙurban a nan Madina, kuma duk wanda ya taɓa ciniki da ni ya san ba na yabon kaya ko kushe su sai na juye kwali na ga na ƙasa. Sau ɗaya na karya wannan ƙa'ida. Ba a kasuwa ba ne, a gidana ne, a kan littattafan autata Asma'u.

Shekarunta goma sha bakwai. Tana karanta wasu manyan littattafai da Larabci, kowanne ya kai kaurin bulo, labaran aljanu da halittu masu fukafukai da ke zaune a cikin birane irin namu na yau, da motoci da waya da komai. Ban taɓa kula ba sai ranar da yayata Zainabu ta zo gaishe mu, ta ɗauki ɗaya a kan kujera, ta ga bangonsa: mace mai ƙaho tsaye a kan dogon bene. Ta sake shi kamar ta taɓa garwashi.

"Usmanu, a garin Manzo kake barin wannan a gidanka? A'uzu billahi. Kiran aljanu ake yi fa!"

Ni ba tsoron kira ya dame ni ba. Abin da ya dame ni, yarinya ta zauna awa uku tana karanta abin da kowa ya san bai faru ba. Da yammar nan na tattara su, guda goma sha ɗaya, na zuba a kwalin dabinon safawi na kai sito, na ce ranar Alhamis mai kwasar tsofaffin takardu zai tafi da su. Asma'u ba ta yi kuka ba, ba ta yi gardama ba. "Ɗayyib, Baba," ta ce, ta hau sama. Daga ranar ta daina saukowa shan shayi tsakanin magariba da isha'i, wanda shi kaɗai ne lokacin da nake zama da iyalina. Yayyenta duk sun bar gida. Mahaifiyarta ta koma zuba kofi biyu, ta bar ni ina kallon wurin na ukun.

Ranar Laraba ina sito ina jiran motar kaya da ta makara. Sanyin Madina ya sauko, irin wanda ke shiga ta ƙafa. Kwalin yana gefe. Na ce bari dai in duba na ƙasa, ko don in sami abin da zan nuna mata in ce ga dalili. Na zaro ɗaya. Labarin wani mai gyaran lif ne a wani dogon gini. Ya gano akwai hawa ɗaya tsakanin na bakwai da na takwas wanda ba a rubuta lambarsa ba, kuma mazaunan wurin halittu ne da aka sare dajinsu aka gina birnin, suka kwaso 'yan itatuwansu a tukwane suka tare a nan. Duk wanda ya sauka a hawan, ko da minti biyar ya yi, in ya fito zai tarar kwana guda ya wuce. Na karanta shafi goma ina taɓe baki. Wajen shafi na arba'in na ji ƙamshin gawayi a hancina, alhali babu wuta a siton.

A unguwar Anbariyya na tashi, a wani tsohon gidan dutse mai ɗakuna uku, ba nisa da tashar jirgin ƙasan nan da ta daɗe da mutuwa. Kakata ta wajen uba tana tare da mu. Dije sunanta, amma unguwa duka Kaka ake ce mata, har Larabawan da ke sayen soyayyar gyaɗarta. Tana yarinya ta baro wani ƙauye a ƙasar Damagaram tare da iyayenta, a ƙafa, suna tafe suna tsayawa aikin gona a hanya, har ta zama budurwa kafin su ga Madina. Ba ta cika ba da labarin hanyar ba. In ka tambaye ta sai ta ce, "Ƙafa ce ta sani, tambaye ta."

Da sanyi, in an idar da magariba, takan jawo kaskonta tsakiyar ɗaki, ta hura gawayi da murfin kwano, ta ɗora butar shayi da na'ana'a. Mu shida ne jikokinta a gidan, ga 'ya'yan maƙwabta. Mukan zagaye kaskon muna ture juna, kowa na son gefen da hayaƙi ba ya bi. Tana da dokoki. Ba ta tatsuniya da rana ko za ka kwanta kana birgima. Ba ta wuce kiran isha'i ko da an zo wurin da ya fi daɗi. Kuma ba ta farawa sai an amsa mata da Hausa. Takan buga awartaki a bakin kasko sau uku ta ce, "Ta taso daga nesa, ta gaji, wa zai ba ta wuri?" Mu ce, "Ta zauna, gida nata ne." In wani ya yi subul da baka ya amsa da Larabci, sai ta ajiye awartakin.

"Ba ta ji ba. Baƙuwa ce, ba ta iya yarenku ba. A sake."

Ni takan kira ni maigidanta, kamar yadda kakanni ke yi. "Matso, maigida, ko da yake tun da na aure ka ban ga ko ɗankwali ba." Zainabu kuwa ita ce mai zama daf da gwiwarta, ita ce mai tsawata mana in mun yi surutu.

Sai da na girma na gane tatsuniyoyin Kaka ba irin na sauran tsofaffi ba ne. Na maƙwabta daji ake shiga, a gamu da kura da dila a gindin kuka. Ita ta kwashe komai ta shigo da shi gari. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce, "Ku da ba ku taɓa ganin kuka ba? In na ce daji, filin ajiye motoci za ku gani a kanku." Saboda haka dodonta a rijiyar wata gonar dabino yake a Awali, ba ya leƙowa sai an kashe injin ban ruwa. Aljanarta a lungun teloli take, tana ɗinka maɓallan da aka manta. Washegari in aka aike ni na bi ta lungun, sai in rage sauri ina leƙen shaguna. Ban taɓa ganin komai ba, amma garin ya fi girma a idona. Ko'ina akwai ƙofar da ban buɗe ba tukuna.

Wadda muka fi roƙo ita ce ta jirgin Anbariyya. Ba ta cika yarda ba. A sanyi guda wataƙila sau biyu za mu same ta.

Wani mai ga-ruwa ne, sunansa Tanko. Garwa biyu a sanda, daga famfo zuwa gidaje, tun safe har yamma. Ya baro ƙauyensu tun yana ƙarami, kuma kullum ƙauyen na ransa. Wata rana bayan magariba yana wucewa ta tsohuwar tasha, inda ciyawa ta rufe dogo, awaki ke kwana a cikin taragu, sai ya ji kukan jirgi. Ya leƙa. Ga jirgi tsaye, fitilu a kunne, tagogi na walƙiya. A bakin ƙofa ga mai karɓar tikiti, dogo, da jar dara da farar riga, mai ladabi ƙwarai. In ba ka dubi ƙasa ba, ba za ka san kofato ne da shi ba.

A nan Kaka takan canja murya, ta yi ta siririya, da fara'a irin ta mai shago. "Marhaba da mai ruwa! Ina za a kai ka? Jirginmu tasha ɗaya gare shi, inda aka binne cibiyar mutum. Kafin ladan ya kira isha'i kana ƙofar gidanku."

Tanko ya ajiye garwa. Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan matakala. Sai ya tsaya ya ce, "Nawa ne?"

"Haba, mai ruwa, mu ba ma taɓa riyal. Shiga kawai."

"Na ji ba kwa taɓa riyal. Me kuke taɓawa?"

Mai kofato ya yi dariya, don a dokar aljanu in an tambaye su sau biyu dole su faɗi gaskiya. Ya ce, "Ɗan abu ne. Mai shiga yakan bar mana garin da ya baro. Za mu kai ka gida, amma wannan gari zai fita daga kanka, da titunansa da mutanensa, kuma hanya ba za ta sake kawo ka ba."

Tanko ya waiga. Ga hasken masallaci, ga lungun da matarsa ke jiransa, ga gidajen da randunansu ba za su cika ba in bai je ba. Ya sauke ƙafarsa. Mai kofato ya ce tun da yake aikin nan ba a taɓa tambayarsa sau biyu ba, don haka zai yi masa kyauta. Ya buɗe taga ɗaya ya ce, "Shiga ba za ka yi ba, amma sa hancinka a nan."

In an zo nan Kaka takan rage murya, ta daina kallonmu, ta kalli garwashi. Ta fara lissafa abin da Tanko ya ji a tagar, a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ƙamshin ƙasa in ruwan farko ya sauka. Hayaƙin karan gero da safe. Tumu a kan wuta. Nono a sabuwar ƙwarya. Daddawa a turmin maƙwabta. Man shanu a tafin hannun uwa, tana yi maka kitso, kanka a kan cinyarta, barci na fizgarka. Wani lokaci ta ƙara wani abu, wani lokaci ta rage, amma na ƙarshen nan kullum yana nan. Daga nan Tanko ya ɗauki garwarsa ya tafi masallaci. Kuma tun daga ranar, kullum bayan magariba sai ya biya ta tasha, ya sa hanci a taga na ɗan lokaci, ya wuce.

"Shi ke nan?" in ji mu, duk da mun san shi ke nan.

"Gawayi ya mutu, ƙarya ta kwanta, a tashi a yi alwala."

Ƙarshen nan ba ya yi mana daɗi. Muna son Tanko ya shiga, ko ya yaudari mai kofato ya je ya dawo. Wata rana na yi fushi na ce, "Kaka, Tanko matsoraci ne."

Ta zungure ni da gindin awartaki. "Kai, maigida, matsoraci ne ke tambayar aljani sau biyu? Ya san abin da za a karɓa kafin ya ɗora ƙafa ta biyu. In ka girma ka yi rabin haka, na yafe ɗankwalin."

Wannan magana na riƙe, kuma da ita na ci abinci. In mai gona ya ce mini kayansa babu kamarsu, nakan ce na ji, a juye. In wani ya zo da harka mai daɗin ji ya ce ba zan rasa komai ba, nakan ce na ji, me za a karɓa? Sau da yawa tambaya ta biyu ce ta hana ni faɗawa rami. Shekara arba'in da wani abu ina ganin na gama fahimtar tatsuniyar nan: darasin ciniki ne tsohuwa ta naɗe mana a cikin labarin aljanu don mu haɗiye. Kaka ta rasu ina ɗan shekara goma sha biyar, an binne ta a nan Madina, kuma ban sake ba kowa labarin ba. 'Ya'yana sun tashi da talabijin, ni kuma ina sito.

Motar kaya ta iso ranar Larabar nan, na sa aka sauke, na koma kan littafin. Gaskiya zan faɗa, ya kama ni. Ba fukafukai da ƙahoni suka kama ni ba. Abin da ya burge ni, marubucin ya kafa doka tun farko, kwana guda a kan kowace sauka, kuma bai taɓa ha'intata ba. Lokacin da mai gyaran lif ya shiga tsaka mai wuya, matarsa na asibiti, mazauna hawan kuma na bukatarsa, na ce yanzu za a ɗaga masa ƙafa. Ba a ɗaga ba. Ya zaɓa, ya biya. Na saman kwali da na ƙasa iri ɗaya ne. Da na fito zan tafi gida, na tsaya ina kallon wani dogon gini a kan hanya ina ƙirga tagoginsa, kamar yaron nan da ke rage sauri a lungun teloli. Na ji kunya, na kuma ji daɗi.

Alhamis mai kwasar takardu ya zo, na ba shi tsofaffin kwalaye ya tafi. Kwalin safawi na sa a mota. A hanya na tsaya na sayi gawayi, don kaskon Kaka yana nan a ɗakin ajiya, mahaifiyar Asma'u ta sha cewa in jefar na ƙi. Bayan magariba na hura shi a tsakar gida, na ɗora buta, na ajiye kwalin a gefe, na ɗaga murya.

"Auta! Sauko."

Ta sauko don ba ta ƙin kira, ta tsaya daga nesa. Ta ga kwalin, ta ga kaskon.

"Guda goma ne a ciki," na ce. "Na goma sha ɗayan yana wurina, ban gama ba. Kada ki gaya mini ko matarsa ta tashi."

Ta dube ni kamar ni ne mai ƙahon. "Baba, kai ka karanta?"

"Na yanke hukunci ban juye kwali ba. Kuskurena ne. Zauna, ni ma ina da guda ɗaya, ba a rubuta ta ba."

Ta zauna. Mahaifiyarta ta kawo kofuna, na lura uku ne. Na gaya wa Asma'u dokar Kaka, na koya mata amsar. Tana jin Hausa sarai, amma bakinta Larabci ya saba, kamar sauran sa'o'inta. Na buga cokali a bakin kasko sau uku na ce ta taso daga nesa, ta gaji, wa zai ba ta wuri. Ta buɗe baki, "Tafaddali..." sai na ajiye cokalin.

"Ba ta ji ba. Baƙuwa ce."

Ta yi dariya, karo na farko a kwana shida. "Ta zauna," ta ce a hankali, harshe na harɗewa, "gida nata ne."

Na ba ta labarin Tanko yadda na iya. Muryar mai kofato ba ta fito mini kamar ta Kaka ba, amma kalmomin sun dawo, har na yi mamaki. Na lissafa ƙamshin taga ɗaya bayan ɗaya. Na rufe da gawayi ya mutu. Sannan na gyara zama zan yi mata bayanin darasin, tambaya ta biyu da sauransu, sai ta ɗaga hannu.

"Lahza, Baba. Maimaita na ƙarshen. Abin da ya ji a taga."

"Man shanu a hannun uwa, tana yi maka kitso."

"Tanko namiji ne, ko?"

"Namiji ne mana. Mai ga-ruwa."

"To wa ya yi masa kitso?"

Na ajiye kofina. Na ji labarin nan ya fi sau ashirin. Na ɗauke shi a kaina fiye da shekara arba'in. Ni da nake gane ƙwaya ɗaya mai tsutsa a cikin kwali, ban taɓa ganin wannan ba.

Asma'u ta ci gaba, rabi Hausa rabi Larabci, hannu na aiki. Ta ce a littattafan nan ta koyi lura da wurin da mai ba da labari ya rage sauri, ya daɗe a kan abu ɗaya, ko ya saka abin da bai dace da wurin ba. Ta ce galibi a nan yake ɓoye nasa. "Ba don aljanun nake karantawa ba, Baba. Yani, ina son su, wallahi ina son su. Amma mutum yakan faɗi abin da ba zai iya faɗa kai tsaye ba, sai ya sa wa abin fukafuki. Kakarka ce a tagar nan. An taɓa cewa ta koma gida?"

Ban sani ba. Na ɗauki waya na kira Zainabu, na sa a lasifika. Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, an taɓa yi wa Kaka maganar komawa Damagaram?"

Sai ta ce, "Wa ya gaya maka? Kai ƙarami ne lokacin."

Ta ce lokacin da mahaifinmu ya sami aiki tsayayye, abu na farko da ya so yi shi ne ya kai mahaifiyarsa ta ga ƙauyensu, don an kawo labari ƙanwar mahaifiyarta tana raye. Shi yana da takardar ɗan ƙasa ta wajen mahaifinsa. Ita kuwa da ƙafa ta shigo tana yarinya, ba a taɓa rubuta sunanta a wata takarda ba, a nan ko a can. Baba ya zo da murna ya gaya mata. Ta ce ya je ya tambaya ko za a bar ta ta fita. Ya dawo ya ce za a bar ta. Ta ce ya koma ya tambaya ko za a bar ta ta dawo. Ya je, ya dawo bai iya kallon fuskarta ba.

"Kwana uku ba ta yi magana ba," in ji Zainabu. "Ranar ta ƙona gyaɗa, abin da ba ta taɓa yi ba. A na huɗu ta ce wa Baba a bar zancen, mijinta a nan yake kwance, jikokinta a nan suke. A sanyin shekarar ta fara ba mu labarin jirgin." Ta ja hanci. "Me ya tuno maka da wannan?"

"Asma'u ce ta gano. A littattafan da kika ce kira ne ta koyi ganowa."

"Kai dai Usmanu ba ka da kunya."

"Ke ce fa mai zama daf da gwiwar Kaka, kina tsawata mana in an zo wurin mai kofato."

"Wannan daban! Wannan tatsuniya ce." Sai ta ƙara da cewa, "Ba ni yarinyar." Asma'u ta matso. "Ke, 'yar nan, ranar Juma'a ki zo. Ubanki ya manta rabin abin da ke tagar. Akwai lalle, akwai tsamiya. Kuma ki bar mai ƙahon nan a gida."

Ladan ya kira isha'i muna nan zaune. Na tashi, don dokar Kaka ce.

Ban jefar da darasina na farko ba. Gaskiya ne, kuma har gobe ina tambaya sau biyu. Amma yanzu na san ba ciniki take koya mana ba. Ita ce ta yi tambaya ta biyu, ta ji amsa, ta sauke ƙafarta saboda mu, ba ta taɓa ce wa ɗayanmu don ku na zauna ba. Da ta faɗa kai tsaye, da ya zame mana nauyi muna yara. Sai ta ɗauki abin ta ba mai ga-ruwa, ta ƙara masa aljani mai jar dara don mu yi dariya, ta bar wa kanta taga ɗaya, sau biyu a shekara, a gaban yaran da ba su san abin da suke kallo ba. Ni na ɗauka ƙarya da gaskiya kaya biyu ne da ba a haɗa su a kwali ɗaya. Ashe akwai gaskiyar da ba ta isowa lafiya sai an naɗe ta.

Na gama littafin mai gyaran lif. Ba zan faɗi abin da ya sami matarsa ba. Yanzu ina na huɗu, Asma'u ce ke zaɓo mini, kuma muna gardama a kansu wajen shayi. Ita tana son masu yawan halittu, ni ina son masu tsayayyar doka. In marubuci ya karya dokarsa a shafin ƙarshe don ya ceci jaruminsa, nakan ce mata wannan ya sa manya a sama ƙanana a ƙasa, ba zan sake sayen kayansa ba. Takan ce, "Baba, littafi ne, ba dabinon ajwa ba." Ta fara rubuta tatsuniyoyin Kaka a wani littafin makaranta, ni da Zainabu muna tuno mata, kowa na cewa ɗan'uwansa ya ɓata labarin.

An gyara tsohuwar tashar Anbariyya tuntuni, ta zama gidan tarihi, babu ciyawa babu awaki. Ba hanyata ba ce daga sito zuwa gida, amma wani lokaci nakan zaga ta wurin in magariba ta same ni a gari. Ban taɓa zuwa Damagaram ba. Ban san ƙamshin tumu ba, ko na ji ba zan gane shi ba. Abin da ke wurin hayaƙin motoci ne da ƙamshin burodi daga wani shago. Duk da haka in na zo daidai ƙofar, nakan rage sauri, in sauke gilashin.